Idan wadda ta sauya jinsi zuwa mace ta ajiye maganin homon na ɗan lokaci, me ke faruwa a jikinta?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen tiyatar ƙashi a wani asibiti a Ingila. Muna da majinyaciya 'yar shekara 52, namiji aka haife ta amma ta sauya jinsi, yau shekara shida tana kan maganin homon na mata. Za a canza mata gwiwa, an ce ta ajiye maganin sati huɗu kafin ranar tiyata. Ta riƙe hannuna tana kuka, wai jikinta zai koma irin na da. Na rasa abin da zan ce mata, don ba a koya mana wannan a makarantar jinya a gida ba. Gaskiya ne abin da take tsoro?

Amsa: Barka kadai ƙanwata, sannu da ɗawainiya. Kada ki ga laifin kanki, mu ma da muka yi karatun likita a gida ba a koya mana ba, sai da aiki ya haɗa mu da irin waɗannan majinyata. Na kuma san ni da ke mun taso inda ba a wannan zance a fili, kowa da abin da ya riƙe a zuciyarsa game da shi. Wannan naki ne. Amma wadda ke kwance a gadon nan mara lafiya ce da ke jin tsoro, kuma tsoronta yana da amsa a ilimin likita, don haka bari mu ba ta amsar.

Abin da za ki iya faɗa mata tun gobe shi ne: sati huɗu zuwa takwas ba za su rushe abin da aka gina cikin shekara shida ba. Na ce takwas ne saboda ba a cika mayar da mutum kan maganin ranar da aka fito da shi daga tiyata ba, sai ya fara takawa sosai, kin ga hutun ya kan zarce abin da aka faɗa tun farko. Sai dai kada ki ce mata ba za ta ji komai ba. Za ta ji, wataƙila ma sosai. Irin abin da za ta ji kuwa ya rataya ne a kan abin da ba ki faɗa mini ba: marainanta suna nan ko an cire su? In suna nan, da wane magani ake danne su?

Ga dalilin da ya sa na fara da wannan. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan ƙulli da bai wuce ƙwayar wake ba, ana kiransa fituwitari. Shi ke tura 'yan aike biyu ta cikin jini, LH da FSH, su je su umarci maraina su samar da testosteron, wato homon ɗin maza, da ƙwayoyin maniyyi. Kusan kashi 95 cikin 100 na testosteron ɗin jikin namiji daga nan yake fitowa, ɗan ragowar kuma daga ƙullin da ke saman ƙoda. Maganin da take sha hannu biyu gare shi. Ɗaya yana zuba homon ɗin mata, wato estradiyol, ko ta ƙwaya, ko man shafawa, ko filastar mannawa a fata, ko allura. Ɗayan kuma yana rufe hanyar testosteron. A Amurka an fi yin wannan da ƙwayar sifironolakton, a yawancin ƙasashen Turai da ƙwayar saifroteron, a Ingila inda kike kuwa an fi amfani da allurar da ke kashe umarnin tun daga ƙwaƙwalwa, irin su Decapeptyl da Zoladex, wadda ake yi wata-wata ko duk bayan wata uku. Ma'aunin da ƙungiyar likitocin homon ta Amurka ta fitar a 2017 shi ne a saukar da testosteron ƙasa da ng/dL 50, a riƙe estradiyol tsakanin pg/mL 100 da 200. A irin lissafin da za ki gani a takardar gwajinku, wannan ya kama ƙasa da nmol/L 2 na testosteron, da kimanin pmol/L 370 zuwa 730 na estradiyol.

To, waɗannan hannuwa biyu ba sa sakin jiki lokaci ɗaya, kuma a nan ne ake yawan tafka kuskure. Ƙwayar estradiyol tana barin jini cikin kwana biyu zuwa uku. Filasta kuwa da an ɓanɓare ta, kafin kwana ɗaya ya cika abin ya sauka. Allurar estradiyol ta fi jan lokaci, sati ɗaya zuwa 'yan makonni, ya danganta da irinta. Amma allurar wata uku mai danne testosteron ba ta san an ce a dakata ba. In an yi mata ita sati biyu da suka wuce, tana nan tana aikinta har sati goma masu zuwa, kuma ko bayan ta ƙare, maraina kan ɗauki watanni kafin su farfaɗo, musamman ga mai shekaru irin nata da ta daɗe a kai. Wannan mun san shi sarai daga maza masu ciwon dajin firostet, waɗanda ake yi wa irin wannan allura.

Kin ga abin da ya faru ke nan: an ɗauke mata estradiyol, testosteron kuma a rufe yake. Jikinta ya zama ba na nan ba na can. Da yawa daga cikin majinyatan Ingila da aka ce su ajiye magani kafin tiyata a wannan hali suke samun kansu, haka nan duk wadda aka riga aka cire wa maraina. Ita tana tsoron gemu ya dawo, alhali abin da ke jiran ta shi ne abin da ke samun iyayenmu mata idan al'ada ta ɗauke, sai dai su a hankali yake zo musu cikin shekaru, ita kuwa dare ɗaya. Cikin satin farko ko na biyu za ta fara jin wani zafi na taso mata daga ƙirji zuwa fuska ba gaira ba dalili, gumi ya jiƙa ta da dare har ta canza riga, barci ya ƙi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, gaɓoɓi su yi tsami, ciwon kai ya yawaita, ga kasala da saurin fushi da kukan da ba ta san dalilinsa ba. Ke da kike sashen tiyata ki riƙe wannan da kyau, domin bayan an yi aikin, gumin dare da bugun zuciya na iya zama na rashin homon, suna kuma iya zama alamar ƙwayoyin cuta sun shiga miki ko gudan jini ya tafi huhu. Kada a ɗora wa homon laifi sai an auna zafin jiki da iskar da ke cikin jini an tabbatar ba waɗancan ba ne.

Idan kuma marainanta na nan, kuma ƙwayoyi kaɗai take sha aka ajiye su duka, labarin ya ɗan bambanta. Za ta ratsa ta waccan kafa ta ba-homon na ɗan lokaci, sannan fituwitari ya farga cewa babu mai danne shi, ya koma aike, testosteron ya fara hawa cikin makonni. Abubuwan da suka fara canzawa lokacin da ta soma magani su ne ke fara juyawa. Fata ta fara maiƙo, ƙuraje su feso, warin gumi ya canza, sha'awa ta ƙaru, gaba ya koma miƙewa da kansa da asuba, gashin jiki da na fuska ya fara saurin tsiro har ta ga tana yawan aski. Ga mai kallo daga waje waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ga ita kuwa su ne ainihin abin da ta shafe rayuwarta tana gudu, shi ya sa suke mata nauyi fiye da girmansu. Duk suna komawa idan ta koma kan magani.

Abin da ya ɗauki shekaru kafin ya samu ba ya gushewa cikin makonni. Nono yana fara tasowa ne wata uku zuwa shida da fara magani, ya kai iyakarsa cikin shekara biyu zuwa uku, kuma naman da ya riga ya ginu ya zauna ke nan, ko da ta bar maganin har abada. Zai iya ɗan saki, ya rage cika, amma ba ya ɓacewa. Kitsen da ya koma ƙugu da cinya, da laushin fuska, da raguwar ƙwanji, su ma shekaru suka ɗauka, sai testosteron ya yi watanni yana aiki kafin a ga sun fara juyawa. Murya ba ta cikin lissafi kwata-kwata, don estradiyol bai taɓa sirantar da muryar da ta riga ta buɗe a lokacin balaga ba. In kin ji muryarta ta yi laushi, horo ne ko tiyata, kuma ajiye magani ba zai taɓa su ba. Gashin fuskar da aka ƙone tushensa ɗaya bayan ɗaya da allurar lantarki ba ya dawowa, wanda aka rage da hasken leza ne kan ɗan sake tsirowa.

Asara ɗaya da nake ɗauka da muhimmanci ita ce sanƙo. In a danginsu ana yin sa, testosteron na dawowa zai ci gaba daga inda ya tsaya, kuma tushen gashin da ya mutu ya mutu. Wannan sai hutun ya kai watanni, kuma akwai ƙwayar finasteraid da ake iya ba ta don rage ɓarnar. Akwai kuma wani rukuni da maganarsu daban ce, ko da yake majinyaciyarki ba ta cikinsu: waɗanda aka tsayar wa balaga tun suna ƙanana, jikinsu bai taɓa ganin testosteron mai yawa ba. Su idan aka saki maraina na tsawon watanni, balagar namiji ce za ta fara daga farko, murya ta buɗe, maƙogwaro ya fito, gemu ya tsiro, kuma waɗannan ba sa komawa. Idan kin haɗu da mai irin wannan tarihi, a nemi likitan homon ɗinta kafin a taɓa komai.

Ƙashi kuma, tunda sashenku ke nan. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ko a jikin namiji estradiyol ne babban mai tsaron ƙashi, jiki ne ke juya wani ɓangare na testosteron ya mayar da shi estradiyol. Mutum ya rasa duka biyun, ƙashi ya fara zaizayewa a ɓoye, ba ciwo ba alama. Wata ɗaya ko biyu ba za su yi illar da za a auna ba. Hatsarin yana ga wadda aka ce ta dakata na sati huɗu, aka yi tiyata, aka sallame ta, kowane likita ya ɗauka ɗan'uwansa ne zai ce ta koma, shekara ta zagayo ba ta koma ba. Na ga irin wannan da idona, kuma ba mugunta ta jawo shi ba, ba a rubuta ranar komawa ba ne kawai. Binciken da aka yi a Beljiyam da Holan ya nuna da yawansu tun kafin su fara magani ƙashinsu bai kai na sauran maza ƙwari ba, kuma sinadarin bitamin D ɗinsu ya kan yi ƙasa, saboda haka ba su da rarar da za a yi wasa da ita. Wadda za a dasa wa ƙarfe a gwiwa ai tana buƙatar ƙashin da zai riƙe shi.

Wasu ƙananan abubuwa da za su amfane ki a bakin gado. Idan tana kan sifironolakton, ki tuna asalinsa maganin sa fitsari ne da na hawan jini. Da an ajiye shi jininta na iya ɗan hawa, ƙafa ta ɗan kumbura, fotashiyam ɗinta ya sauka. Yawan jininta kuma ki auna shi da ma'aunin mata, don cikin wata huɗu da fara magani himogulobin ke saukowa zuwa na mata, kuma hutun sati huɗu ba zai mayar da shi na maza ba.

Abin da ya fi duk waɗannan ba ni tsoro shi ne zuciyarta. Saukar estradiyol kwatsam shi kaɗai yana iya jefa mutum cikin ƙunci, mun san haka daga mata masu jego da waɗanda aka cire wa ƙwan mahaifa. Ki ɗora rashin barci, da raɗaɗin tiyata, da zaman gida ba fita, da tsoron da ta riga ta nuna miki. In tana da tarihin ciwon damuwa, a rubuta shi a fili a tsarin jinyarta. Ki tambaye ta kai tsaye ko tunanin cutar da kanta na zuwa mata; tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ki tabbatar tana da wanda zai riƙa leƙa ta a gida, ta kuma san lambar 111 ta hukumar lafiya ta NHS da 116 123 ta Samaritans, masu sauraron waɗanda ke cikin damuwa, wadda ake amsawa dare da rana.

Yanzu ga tambayar da nake so ki kai wa manyanki: dole ne ma a dakata? Dokar tana da tushe. Estrojin, wato dangin homon ɗin mata da estradiyol ke cikinsu, in an haɗiye shi yana bi ta hanta, ya sa ta ƙara samar da sinadaran daskarar da jini. A da ana ba su wani nau'i mai ƙarfi, etinil estradiyol, irin wanda ke cikin ƙwayar tsarin iyali, kuma likitocin Amsterdam sun ba da rahoto a 1997 cewa daskarewar jini a jijiya ta ninka kusan sau 20 a tsakanin majinyatansu. Daga nan aka guje shi, aka koma estradiyol irin wanda jiki ke yi, aka kuma fara ba waɗanda suka haura shekara 40 ta fata, domin abin da ya shiga ta fata ba ya fara bi ta hanta. Ƙa'idar da hukumar NICE ta Ingila ta fitar a 2018 cewa ta yi a duba yiwuwar ajiye magungunan estrojin sati huɗu kafin tiyatar da aka tsara. A duba, ta ce, ba ta ce a tilasta wa kowa ba. A 2021 kuma asibitin Mount Sinai na New York ya fitar da sakamakon tiyatar sauya al'aura fiye da 400, kusan rabi sun ajiye magani, sauran sun ci gaba da sha. Mutum ɗaya tak ya samu gudan jini, shi ma a cikin waɗanda suka ajiye. Ƙa'idojin 2022 na WPATH, ƙungiyar ƙwararru masu kula da lafiyar waɗanda suka sauya jinsi, sun nemi likitan homon da likitan tiyata su zauna su yanke shawara tare.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, canjin gwiwa yana cikin tiyatocin da suka fi kowace jawo gudan jini, ke kin fi ni sani, shi ya sa kuke ba da maganin tsinka jini da safa mai matse ƙafa. Ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon wata tiyata daban a ɗora a kan wannan ido rufe. A ganina, in ƙwaya take haɗiya, hanyar da ta fi dacewa a tattauna ita ce a mayar da ita kan filasta ko man shafawa, ko da a rage yawansa, maimakon a bar ta fayau. In kuwa tana shan taba, ko tana da ƙiba sosai, ko ta taɓa samun gudan jini, ko ana yin sa a danginsu, ko tana kan saifroteron wanda shi ma yana da nasa hatsarin ta wannan fuska, to dakatawar na iya zama ita ce daidai, kuma a gaya mata dalilin dalla-dalla. Wannan hukuncin likitan tiyata ne da mai sa barci da likitan homon ɗinta. Naki shi ne ki sa su yi magana da juna, domin sau da yawa wasiƙar da ta ce a dakata an buga ta ne don matan da ke shan maganin ɗaukewar al'ada, aka tura wa kowa.

Ba tiyata kaɗai ke sa a dakata ba, za ki haɗu da wasu dalilai. Akwai ƙarancin magani, irin wanda aka yi a Ingila a 2022 lokacin da Oestrogel, wani man shafawa na estradiyol, ya yi wuyar samu har gwamnati ta naɗa jami'a ta musamman kan lamarin. A irin wannan hali a canza zuwa wani nau'in ya fi a zauna haka. Akwai kuma masu ajiyewa da gangan don neman haihuwa. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta nuna, shi ya sa ake cewa a jira aƙalla wata uku kafin a gwada, wasu ma sai sun fi haka nesa. A 2023 likitoci daga Amsterdam da Melbourne suka ba da labarin mutum tara da suka ajiye magani, aka samu ƙwayoyin maniyyi masu rai a wurin dukkansu, uku ma matansu suka ɗauki ciki ba tare da taimakon asibiti ba. Tara ba yawa ba ne, don haka har yanzu shawarar ita ce a adana maniyyi tun kafin a fara magani. Ɗaya fuskar wannan magana kuma ita ce, duk wadda marainanta ke nan tana iya yi wa mace ciki a lokacin hutun, kai ko tana kan maganin ma, don ba maganin hana haihuwa ba ne.

Komawa ba ta da wuya. Bayan ɗan gajeren hutu yawanci ana komawa kan adadin da aka bari, bayan dogon hutu kuma a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Kada ta ninka don ta rama kwanakin da suka wuce, wannan hatsari kawai yake ƙarawa. Zafin jiki da gumin dare kan lafa cikin 'yan makonni, nono na iya yin tsami kamar lokacin farko, ba abin damuwa ba ne. In allurar danne testosteron ta riga ta ƙare aka sake farawa, ta sani cewa a sati ɗaya zuwa biyun farko allurar kan tunzura testosteron ya hau kafin ya faɗi, shi ya sa wasu likitoci ke haɗa ta da ƙwaya ta ɗan lokaci. Sai a gwada jini bayan kamar wata uku. Alamun da ba a jira da su kuwa kin san su: sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya sarƙe, ciwon ƙirji, tarin jini, ko ɓarin jiki ya saki.

Gobe in kin shiga aiki, ki buɗe fayil ɗinta ki duba ko an taɓa cire mata maraina, ta wace hanya take shan estradiyol, da ranar da aka yi mata allurar ƙarshe. Sannan ki roƙi likitan da ke bibiyar ta ya rubuta a takardar sallama ranar da za ta koma kan magani, da sunan wanda zai ba ta izinin.